Sawun kura ne ko na damisa?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga sawu a bakin ruwa da asuba, ka rasa ko kura ce, ko damisa, ko kare ne kawai.

Fara duba farce. Damisa da zaki suna janye faratansu in suna tafiya, sai ka ga yatsu huɗu lumui, sawun kusan zagaye, bayan tafin da tudu uku. Kare da dila da kura kuwa farcensu na fitowa ɓaro-ɓaro. Kura ba ta da wuyar ganewa: sawun ƙafar gaba ya fi na baya girma sosai, kashinta kuma in ya bushe fari fat yake kamar alli, saboda ƙasusuwan da take taunewa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne laka, domin tana buɗa sawu har kare ya koma zaki. Kada ka yanke hukunci da sawu ɗaya. Bi layin da ido ka ga tazarar taku. Duba shi da sassafe, lokacin da inuwa ke fito da gefensa.

In sawun ɗanye ne, kada ka bi shi cikin duhuwa. Ajiye ashana kusa da shi don a ga girmansa, ka ɗauki hoto, ka nuna wa tsohon maharbi ko ma'aikatan gandun daji.