Ga inda ƙanwarki za ta samu madogara

Ƴar'uwa, kin ce mijin ƙanwarki na dukanta, yanzu ya tafi ci-rani Libiya ya bar ta da yara ba abinci, kina tambaya ko akwai ƙungiyar da za ta taimaka mata a Maraɗi. Akwai.

Ta fara da asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta assasa a jiharmu a 1991. Mata na haɗuwa kowane mako su zuba kuɗi a akwati, mai bukata ta ci bashi ta ja jari, ko ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa. A ganina zaman ya fi kuɗin amfani, don mace mai abokan shawara ba ta haɗiye baƙin ciki ita kaɗai.

Amma duka ya wuce asusu. In ya dawo ya sake taɓa ta, ta je likita a ba ta takardar shaidar rauni, sannan komisariya ko jandarma. Ƙungiyar AFJN ta mata masana shari'a na ba da shawara.

Don Allah ki hana ta tafiya bara Aljeriya. A 2013 ƙishirwa ta kashe mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar Arlit, kan hanyar zuwa Aljeriya.