Shafina Yana Ƙanƙancewa a Waya

Tambaya: Malam, na gina wa shagona shafin intanet. A kwamfuta lafiya lau, amma a waya rubutun kamar tururuwa. Wani makaho kuma ya ce wayarsa ba ta karanta masa maɓallin saye. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, duba cikin head ɗinka, wato sashen farko na lambar HTML ta shafin, mai yiwuwa babu wannan layin: meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1". In babu shi, waya takan ɗauka faɗin shafin ya kai fiksel 980, sai ta matse komai ya shiga allo. Hotuna kuma, a cikin CSS mai tsara kamannin shafi, ka ba su max-width: 100% da height: auto, don kada su tsallake gefe.

Batun makahon ya fi muhimmanci. Ina kyautata zaton da div, wato akwatin HTML da ba ya nuna aikinsa, ka yi maɓallin, ka shafa masa launi. Ido yana ganin maɓalli, amma TalkBack na Android, mai karanta wa makafi abin da ke allo, rubutun zai karanta, ba zai ce maɓalli ne ba. Maɓallin Tab na kibod, mai tsalle daga abin dannawa zuwa wani, shi ma tsallake shi zai yi. Mai da div ɗin button, wato maɓallin HTML na ainihi, sai Enter da Space su yi aiki ba tare da ƙarin wahala ba. Kowane hoton kaya ka rubuta masa alt mai ma'ana, wato bayanin hoton da ake karanta wa makaho, kamar "shadda fara, yadi biyar". Sunan fayil ba ya gaya wa kowa komai.

Sa lang="ha" a kan html, don a san Hausa ne harshen shafin. Daga nan ajiye linzamin kwamfuta gefe, ka zagaye shafin da Tab kaɗai. Duk inda ka maƙale, nan gyara yake.