Kar ka tambaye su ko ta yi kyau

Ka ce ka nuna wa abokanka manhajar tura kuɗin da kuka haɗa duk sun ce ta yi kyau, wai ko shikenan a sake ta. A'a ƙanina, da saura. Bakano zai kalli idonka ya ce abinka bai yi ba? Kara ba za ta bar shi ba. Kuma abokan naka irinka ne, a kan waya suke kwana.

Samu ƙaramar itel ko Tecno, ka sa akawun na gwaji, ka shiga Kantin Kwari ka samu ɗan kasuwa ka ce Alhaji don Allah tura dubu biyar zuwa wannan lambar, sai ka ja bakinka ka yi shiru. Shirun nan wallahi shi ya fi wahala, hannunka zai yi ta ƙaiƙayi kana son nuna masa inda zai danna, kar ka kuskura. Ka dai roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake nema da baki, kai kuma kana rubuta inda ya tsaya, inda ya koma baya, inda ya ja tsaki.

Ba sai ka tara jama'a ba. Jakob Nielsen, masanin gwada sauƙin amfani da manhaja, tun 2000 ya ce mutum biyar kan tono wajen kashi 85 cikin ɗari na matsalolin, amma fa in iri ɗaya ne, ɗan POS daban, hajiya mai saida atamfa daga gida daban.

Ka gwada a inda netwok ke wasa. Mutum ya danna tura, sikirin bai nuna komai ba, zai sake dannawa kuɗi su fita sau biyu, kuma kai za a zaga. Don haka ka sa maɓallin ya kulle da an taɓa shi, ya rubuta ana turawa, sunan mai karɓa ya fito ɓaro-ɓaro kafin a nemi lambar sirri. Girman maɓalli kuma Google sun ce kar ya gaza wajen milimita 9.

In za ka kai wa oga rahoto kar ka rubuta wai manhajar ba daɗi. Rubuta mutum nawa suka maƙale, a wane shafi, ga gyaran da kake gani. Abin da ke cinye kuɗin mutane a sama, rigimar kala can ƙasa. In an gyara ka nemo wasu biyar ɗin daban, na farkon sun riga sun san hanya.