Tsare bayanan zuriya a laptop da filasha

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kalmar sirrin shiga laptop ta isa ta kare bayanan zuriyar da ka tattara. Ba ta isa ba. Ɓarawo zai iya cire ma'ajiyar kwamfutar ya jona a wata, ya karanta komai. Ma'ajiyar za ka kulle gaba ɗaya da manhajar da ke rikita bayanai yadda ba mai iya karanta su sai mai kalmar sirri: BitLocker a Windows Pro, FileVault a Mac, ko VeraCrypt, wanda kyauta ne kuma yana aiki har a filasha. Lambar ceto, wato lambar da ake buɗe ma'ajiyar da ita in an manta kalmar sirri, ka rubuta ta a takarda, ka adana nesa da kwamfutar, don in ka rasa ta ka kuma manta kalmar sirri, babu mai buɗe maka.

Bayanan 'yan'uwa masu rai ne suka fi damuna. Fayil ɗin GEDCOM, wanda ake ajiye bayanan zuriya a cikinsa, rubutu ne tsagwaronsa, kowa na iya buɗe shi, ga ranakun haihuwa da sunayen iyaye mata a ciki, abin da 'yan damfara ke nema ido rufe. Amanar mutane ce. Kafin ka tura wa kowa, ko da ɗan dangi ne, sa manhajar da kake tattara bayanan zuriyar da ita ta ɓoye masu rai.

Ka riƙe kwafi 3, ɗaya a wani gida daban. Filasha kam tana lalacewa ba shiri, ka riƙa gwada buɗe ta lokaci-lokaci.