Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Ragowar Maganin Ƙwari a Ruwan Inabi da Giyarsa

Tambaya: Likita, yaya ake gane cewa maganin ƙwarin da aka fesa wa inabi a gona ya biyo shi har cikin kwalba?

Amsa: Malam, harshe da hanci ba su da ta cewa a nan, aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce QuEChERS, wadda masana kimiyya Anastassiades da Lehotay da abokan aikinsu suka fito da ita a 2003. Ma'aikaci yakan zuba kimanin mililita 10 na abin shan a bututu, ya ƙara sinadarin asetonaitiril, ya girgiza, sannan ya zuba gishiri da magniziyom salfet, sai ka ga ruwan ya rabu gida biyu, na saman ya kwashe maganin. Shi ake tacewa a rage launi da sukari, domin suna rikita awo. Daga nan na'urar kuromatogirafi take rarrabe sinadaran gwargwadon lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya fito daga wani siririn bututu, wata na'urar kuma ta farfasa su ta auna nauyin gutsattsarinsu, wanda shi ne shaidar da ke tona asirin kowane magani.

Tambaya: Idan an samu ragowar, ke nan abin shan guba ne?

Amsa: Ba lallai ba ne, 'yar'uwa. Na'urorin yau suna gano abin da bai taka kara ya karya ba, saboda haka yawan ake dubawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 ta sanya miligiram 0.01 a kilogiram ɗaya ga duk maganin da ba a ware masa iyakarsa ba, wato giram ɗaya a tan 100. Masu feshi su na fi ji wa tsoro, domin magunguna irin su kulofirifos, wanda Tarayyar ta haramta a 2020, suna taɓa jijiyoyi, su kawo dalalar miyau da gumi da tsukewar ƙwayar ido.

Tambaya: Shin tsimuwar giya tana kashe maganin?

Amsa: Tana rage shi, domin wani kaso yakan maƙale wa ɓawo da dusar da ke kwanciya a ƙasa, amma ba ta kawar da shi duka. Barasar da ke ciki kuwa, tun 1988 hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, kuma a ganina ta fi wannan ɗan ragowar haɗari nesa ba kusa ba.