Tambaya da Amsa: Me ya haɗa maiƙo da ciwon suga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da ciwon suga, kuma likitanta ya ce ta rage man shanu da kitsen rago, alhali mu a saninmu zaƙi ne abin gudu. Ina ruwan maiƙo da insulin? Daga wata mai karatu a Shara Mansur, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba Mama lafiya. Insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, yana fitowa ne daga wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitocin Makka ke kira bankiriyas, daga wasu ƙwayoyin halitta masu suna beta da ke zaune tsibiri-tsibiri a cikinta, tsibiran da wani masani Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara bayyanawa a 1869. Kowace ƙwaya lulluɓe take da tantani na maiƙo, kuma a jikin tantanin akwai ƙananan ƙofofi da sinadarai irin su fotasiyam da kalsiyam ke bi. Idan Mama ta ci dabino uku da magariba, suga yakan shiga ƙwayar, sai ƙofofin fotasiyam su rufe, ƙofofin kalsiyam su buɗe, kuma shigar kalsiyam ɗin ce take sa ƴan jakunkunan insulin da ke cikin ƙwayar su manne da tantanin su zazzage abin da ke cikinsu zuwa jini.

An daɗe ana ɗaukar wannan tantani a matsayin bango kawai, kuma a ganina nan ne aka yi masa gajeren fahimta, domin shi ne dogarin ƙofar. Akwai wani maiƙo ɗan kaɗan a fuskarsa ta ciki, mai suna PIP2, wanda idan ya ragu sai ƙofofin kalsiyam su yi sanyin buɗewa. Kolestarol kuma, wanda mutane suka fi sani da mugun suna, shi ne yake tara ƙofofin wuri guda dab da jakunkunan insulin, ta yadda kalsiyam zai sauka daidai inda ake bukatarsa. Amma idan ya taru fiye da kima a tantanin, fitar insulin takan ragu.

Abin da ya fi kusa da tambayarki shi ne gwajin da aka yi a kan ƙwayoyin beta na ɓeraye, waɗanda aka bar su kwanaki cikin irin maiƙon da ya yawaita a kitse da man shanu da manja. Ƙofofin kalsiyam ba su daina aiki ba, sai dai sun warwatse sun yi nesa da jakunkunan, kamar a ce mai shayar da alhazai ya tsaya a ƙofar da babu kowa, sai insulin ya ragu ko da suga ya hau. Gwajin ɓera ba hukunci ba ne a kan mutum, amma ya dace da abin da likitanta ya faɗa. Kada a hana Mama maiƙo ɗungurungum. A cire kitsen da ke saman nama kafin a ɗora tukunya, a fi karkata ga man zaitun, sannan ta ci gaba da shan maganinta yadda aka rubuta mata.