Amsa ga mai neman littafin bincike marar jini na hutun Disamba

'Yar uwa, wallahi da na karanta tambayarki kaina na gani. Kin ce tun rasuwar Baba ba kya iya buɗe littafin kisa mai jini, amma kina kewar warware ƙulli, kina son mai sanyi da za ki yi hutu da shi. Allah ya jiƙansa. Ni a jegona na biyu abin ya same ni, barci ya ƙaurace, ko kalmar gawa na gani sai gabana ya faɗi.

Hannah Swensen, tauraruwar littattafan Joanne Fluke, ce ta rufa min asiri. Mai gasa biskit ce a garin Lake Eden, jihar Minnesota ta Amurka, ba 'yar sanda ba, shisshigi ne kawai da kasa kunne. Nemi Sugar Cookie Murder na 2004. An taru walimar Kirsimeti, ƙanƙara ta rufe hanya, mai laifin yana cikin masu cin abincin. Sashe babba na littafin ma girke-girke ne.

Amma don Allah kada ki ba kowa aro kafin ki gama! Na taɓa samun Mistletoe Murder na Leslie Meier a gwanjo, na Lucy Stone, matar aure mai 'ya'ya a jihar Maine. Ina lallaɓa shi babi ɗaya kullum bayan isha'i, saura kaɗan, sai ƙanwar maigidana ta zo barka ta ɗauka ba tambaya. Kwana tara. Ta dawo da shi bango a yage, shatin manja a shafi na 40, tana cire takalmi a bakin ƙofa ta faɗi sunan wanda ya yi kisan, har da dariya, wai ai ta ɗauka na gama. Jariri a kafaɗata, na shige banɗaki na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Uwar mijina ta ce kan takarda kike kuka? Har yau ƙanwar maigidan nawa ba ta ba ni haƙuri ba, ni kuma ban ƙarasa littafin ba, yana ƙasan akwati.

Kada sunan biki ya ruɗe ki ki ɗauki Hercule Poirot's Christmas na Agatha Christie, na 1938. Yankan rago aka yi wa wani tsoho a ciki, jini ko'ina, shi Poirot ɗin ma bincike sana'arsa ce. In Agatha Christie kike so, bi Miss Marple, tsohuwa mai saƙa a ƙauyen St Mary Mead, ko da ba na biki ba ne.

Masu cewa irin waɗannan littattafan na Kirsimeti wa'azi ne kuwa, ni ban gani ba. Bikin hujja ce ta tara dangi a gida ɗaya kowa da ƙullinsa a ciki, kamar gidanmu ranar Sallah. Ki karanta da rana tukuna, shayi a gefe. Ki kuma kulle ɗakinki in dangin miji sun zo.